Ranar Aurena Ta Rataya a Albashin Malamai

Sallama gare ku, 'yan uwana masu biye da ni a wannan shafi. Yau kam ku gyara zama, don abin da zan kwance muku ni kaina ban san sunan da zan ba shi ba. Ƙawayena sai turo mini barka suke yi, Inna ta fara zancen gado da labule, ni kuwa tun ranar Asabar loma ba ta wuce mini maƙogwaro da daɗi. Wataƙila in na ɗauko muku zancen daga tushe, a samu mai hankali a cikinku ya gaya mini ko guɗa ce ta kamace ni ko kuka.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Mansura, 'yar Bala tela ta Boɗinga. Wanda nake so kuma Bashar, malamin firamare a Mandera, can ƙasar Shagari. Dogo ne siriri, kullum bakin hannun rigarsa da farin alli, babur ɗinsa kuwa tun daga kan kwana ake gane tarinsa. Ba shi da abin zargi sai guda ɗaya: ba ya iya barin kuskure ya wuce ta gabansa. Akwai ranar da shauƙi ya ɗebe ni na rubuta masa cewa ina sonsa ɗari biyu bisa ɗari. Kun san amsar da bawan Allahn nan ya turo mini? "Na gode ƙwarai, amma ɗari bisa ɗari ita ce iyaka, ba a wuce ta." Haka nake fama da shi, kuma haka nake son abina.

Inda gizo yake saƙar shi ne wajen Baba. Yayata Asiya ma malamin makaranta take aure, Malam Husaini, mutumin kirki wanda ko ƙuda ba ya iya kashewa. Haihuwarta ta fari albashi ya makara, ranar suna ta matso, babu rago babu alamarsa. Baba ya ɗauki kekensa na surfani, wanda yake ji da shi fiye da komai a shagon, ya sayar ya sayi rago, aka shigar da shi gidan ta ƙofar baya don asiri ya rufu. Asiri ya rufu kam, amma abin ya tsaya wa Baba a rai. Da aka watse suna, a zaurenmu, gaban yayansa Baffa Isah da sauran 'yan uwa, ya ce, "Ku shaida. Muddin albashin malamai na nan yadda shike, ni Bala ba ni ƙara ba malamin makaranta ɗiyata."

Da rantsuwa ya yi da Allah, da kaffara ta wanke. To ba rantsuwa ba ce, magana ce ta dattijo a gaban dangi, ita kuwa zarar bunu ce. Sai ga ni, autar gidan, na je na kwaso malamin makaranta. Bashar ya daɗe yana zuwa. Baba yana amsa gaisuwarsa da fara'a, har gyaran aljihu ya taɓa yi masa kyauta, amma kalmar nan ta "ka turo magabatanka" ta ƙi fita daga bakinsa.

Ana cikin haka kakar zaɓe ta kama. Baffa Isah shi ne shugaban jam'iyyarsu a mazaɓarmu, kuma shi ne waliyyin duk 'yan matan zuriyarmu, ba a sa rana sai da bakinsa. Wata la'asar ya shigo da babbar riga da wayarsa a hannu, ya zauna a zaure ya kunna wa Baba jawabin ɗan takararsu na shugaban ƙasa. Muna tsakar gida muna jiyowa. Mutumin yana cewa ranar da ya hau malamin makaranta ya daina kuka, za a yi musu tsarin albashi nasu na musamman, abin da suke karɓa zai ninka.

Ni fa ku yafe mini, siyasa ba ta shiga kaina. A rediyon Inna wancan ɗan takarar ma alkawarin malamai yake yi, wani ya ce gidaje, wani ya ce ƙarin shekarun aiki, wani ya ce kujera ga kowane yaro. Duk murya ɗaya nake jin su. Abin da ya tsayar da ni da tsintsiya a hannu shi ne muryar Baba da na ji ta ce, "Ashe? To in haka na, ai magana ta sake."

Inna ta ajiye matankaɗi ta dube ni, na dube ta. Ba a yi sallar magariba ba sai da Baba ya leƙo ya ce mata, "Ki hwaɗa ma ɗiyakki yaron nan shi taho ran Juma'a bayan la'asar. Yaya Isah na nan."

Da gudu na shige ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Bashar.

"Albishirinka."

"Goro fari tas," in ji Bashar.

"Baba ya ce ka zo Juma'a. Baffa Isah zai zauna."

"Allahu Akbar! Mi ya sauya?"

Na gaya masa. Sai na ga yana rubutu yana tsayawa, yana rubutu yana tsayawa. Na san wannan tsayawar. Can sai ga shi: "Mansura, amma fa ba shugaban ƙasa ke biyanmu ba."

"Bashar, don girman Allah. Ba aji za ka shiga ba, zauren surukai ne. Duk abin da aka ce, ka sadda kai ka ce in Allah ya yarda. Shi ke nan aikinka."

"To."

"Ka maimaita mini."

"In Allah ya yarda."

"Yauwa ɗalibina."

Ranar Juma'a tun hantsi gidanmu ya kacame. Inna ta sa aka wanke zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma aka ɗora darduma ta Makka a kai, turaren wuta har ƙofar maƙwabta. Na dama fura da nono mai kauri, na haɗa zoɓo da citta da kanumfari. Na saka atamfata ruwan ganye wadda Baba ya ɗinka mini da hannunsa, doguwar riga mai tattara a ƙirji, na yafa farin mayafi, lallen da aka zana mini ya kama jawur. Ba wai za a kira ni zauren ba ne, amma ai zuciya tana son shaida.

Bashar ya iso da abokinsa Surajo. Shadda ruwan toka ya saka, an goge ta har tana ɗaukar ido, ba alli ko ɗigo. Tun daga waje suka tuɓe takalma, suka shiga a sunkuye suka durƙusa can gefen tabarma. Na miƙa tiren kofuna ta ƙasan labule, na laɓe a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida. Inna ta harare ni, sannan ita ma ta matso ta laɓe.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta aiki da ta mutanen Mandera. Bashar kansa a ƙasa, murya can ciki, kamar ba shi ne mai ƙarar nan da ake ji daga bayan makaranta ba. Na ce a raina, yau dai Allah ya rufa asiri.

Sai Baffa Isah ya gyara zama. "To Malam, ku kam kun ji daɗinku. Da mutuminmu ya hau, albashinku ya ninka. Ko ba haka na ba?"

Bashar ya ƙara sunkuyar da kai.

Baba ya yi gyaran murya, a hankali ya ce, "Ka dai ji jawabin, ko? In Allah ya yarda dai..."

"Allah shi ƙara ma Baffa girma," in ji Bashar. "Akwai ɗan gyara kaɗan."

Inna ta dafe ƙirji. Ni kuwa na ciji mayafina.

Jama'a, ta tsagar ƙyaure da idona na ga mutumin nan ya jawo tire. Ya ɗauki kofi ɗaya ya ajiye a kan darduma. "Baffa, mu ɗauka wannan Abuja ce." Ya ɗauki na biyu. "Wannan Sakkwato." Ya ɗauki na uku, mai ɗan tsaga a baki. "Wannan kuma Shagari. To albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fita, ta hannun hukumar ilimi ta jiha. Abuja tana iya yin shela, amma in Sakkwato ba ta ɗauka ta sa hannu ba, ba abin da zai zubo cikin wannan." Ya ɗaga mai tsagar. Surajo yana ta mintsininsa a ƙafa, ko gezau. Kan da ke sunkuye ya ɗago, murya ta buɗe, hannu ya fara yawo a iska. Ya ce an sha yin irin wannan shelar a baya, malamai suka yi murna, har yau suna jira. Ya ce in da gaske ake, a tambayi masu neman gwamna da ciyaman, su ke riƙe da cokalin.

Da ya kai aya sai ya dubi dattawan nan biyu, yayan mahaifina da mahaifina, ya ce, "An gane?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi kansa sai da kalmar ta fita ya ji ta, na ga ya runtse ido.

"Yaro," in ji Baffa Isah, "ni kaka tambaya ko na gane?"

"A'a Baffa, suɓutar baki ce, sabo da aji..."

"Wato mu maƙaryata na. Ni da nika yawo gida gida ina hwaɗa ma mutane, ƙarya nika rabawa. Bala, ka ji da kunnenka. Shi da bakinai yac ce albashinai ba shi ƙaruwa. To ina maganad da kay yi gabanmu?"

Baba bai dubi kowa ba. Kofunan nan uku yake kallo. Can ya ce, "Tashi ka tahi, Malam. Mun gode da karatu."

Furar ko taɓa ta ba a yi ba.

Tarin babur ɗinsa bai gama ɓacewa ba na kira shi. Sai da ya tsaya a gefen hanya ya ɗauka.

"Kai wane irin mutum ne? Kalma huɗu na ba ka!"

"Mansura, tambayata aka yi."

"Da an tambaye ka sai ka buɗe makaranta? Har da kofuna?"

"Kofunan kam kuskure ne." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma ki duba. In na ce haka ne, aka ba ni ke bisa wannan, wata ya zo ya wuce ba a ninka komai ba, da wane ido zan dubi Baba? Ya riga ya sayar da keke sau ɗaya saboda malami."

Na buɗe baki in zazzaga masa, na rasa ta inda zan kama. Abin haushin ke nan da Bashar, ko ya ɓata maka rai sai ka tarar gaskiyarsa ta fi taka nauyi. Na kashe wayar na kifa kai a filo na yi kuka mai isata. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, wani gefen zuciyata kuma, Allah ya yafe mini, yana alfahari da shi. Yaya Asiya da ta zo washegari ba ta taimaka ba. Da farko ta ce in gode Allah ya tsame ni daga layin jiran albashi. Da za ta tafi kuma, tana ɗaura goyo, ta ce, "Amma ni ko yau anka ce in sake zaɓe, Husaini nika ɗauka." To wanne zan riƙe?

Ranar Litinin Inna ta ba ni kwanon ɗanwake in kai wa Baba shago, don tun Juma'a bai ci abin kirki ba. Na same shi shi kaɗai, an jibge masa atamfar kamfe ta su Baffa, fuskar ɗan takara a jere tun daga sama har ƙasa, yana murmushi iri ɗaya. Baba yana yanka, almakashi yana bi ta tsakiyar murmushin ba ruwansa. Na ajiye kwano zan juya, ya ce in zauna.

Bai ɗago ba ya ce, "Ke ma kina ganin ban san wa ka biyan malamin furamare ba?"

Ya ci gaba da yanka.

"Tun kahin a haihe ki nika ɗinka kayan zaɓe. Kowane ɗan takara da alkawalin malamai shika tahowa, awa goron gayya. Ina da suruki malami, Mansura. Na hi yaron ga sanin inda albashinai ka maƙalewa."

"To Baba, don me ka ce magana ta sake?"

Ya ajiye almakashi. Idonsa ya yi ja, ban taɓa ganinsa haka ba. "Don ina son yaron. Na daɗe ina biɗar hanyad da zan sauko ban kunyata ba. Sai Yaya Isah ya kawo mani tsani, shi bai ma san tsani na ba. Nic ce to, in yaron ya amsa gaban Yaya, kowa ya shaida albashi ya kusa sakewa, maganata ba ta hwaɗi ƙasa ba, ke kuma kin samu mijinki. Har amsar na sa mashi ga baki. Yas sa ƙahwa yat ture tsanin, ina bisa."

Ku ji fa. Ashe duk zauren nan mutum ɗaya ne ya yarda da jawabin, Baffa Isah. Baba ya san wasa ne, Bashar ya san wasa ne, ɗaya yana roƙo a yi wasan, ɗaya ya ƙi. Ni da nake ganin na fi kowa wayo da na koya wa Bashar abin faɗi, ban gane komai ba.

"Baba, ka janye maganar kawai mana."

"Dattijo ba shi lashe amainai, ɗiyata. Yanzu kuma ba ni ad da ta cewa ba, Yaya ya hasala." Ya ɗauki almakashin ya sake ajiyewa. "Jiya ya taho. Ran Asabar suna da gangami Shagari, manya na zuwa daga Sakkwato, suna biɗar malamin da za shi yi magana da sunan malamai. Yac ce in Bashar ya hau ya riƙe lasihika, ya hwaɗa ma jama'a alkawalin ga gaskiya na, ya wanke shi. Ran nan shi da kainai za shi sa rana."

"Kai me ka gani, Baba?"

"Ni ban ce shi yi ba, ban ce kar shi yi ba." Ya jawo kwanon ɗanwaken ya buɗe, ya zuba masa ido bai ci ba.

A cikin Keke Napep ɗin komawa gida na rubuta wa Bashar duka, ban rage komai ba. Ya karanta. Har na isa gida, na yi la'asar, na tsince wa Inna shinkafa, ba amsa. Sai can ta shigo.

"Mutanen Mandera za su zo taron nan. Iyayen yarana. Sun san ni."

Kafin in amsa wata ta biyo.

"Ba na son in rasa ki, Mansura. Na yi tawa dabarar ta ɓaci. Wannan karon ki zaɓa mini, abin da kika ce shi zan yi."

Da ya ce ba zai yi ba, da na sami wanda zan yi wa fushi. Da ya ce zai yi, da na ce shi ya ga dama. Sai ya tattaro kayan ya ɗora mini a ka. Na zauna bakin gado ina kallon lallen hannuna da ya fara kwashewa. Na tuna jan idon Baba. Na tuna Yaya Asiya da goyonta. Na ce wa kaina, zancen kamfe ne fa, wa yake ɗaukarsa da gaske? Baba ma ya ce goron gayya ne, a tauna a tofar. Da wannan na lallashi zuciyata na rubuta: "Ka yi. Kowa ya san surutun siyasa ne, iska ce za ta kwashe."

Ranar Asabar matar Baffa, Gwaggo Kande, ta aiko mini da ɗinkin atamfar nan, ta ce in shigo motar mata. Haka na saka fuskar mutumin da ban san ko zan zaɓa ba, muka cika bas har bakin ƙofa, ana waƙa ana tafi har Shagari. Fili ya cika maƙil. Rumfuna, kujerun roba na manya a gaba, makaɗa, samari a kan babura suna ta zagaye da tutoci, masu ruwan leda da masu rake suna cin kasuwarsu. Mu mata aka tara mu gefe guda cikin rana. Kusa da ni wasu mata ne da ba su da anko, zannuwansu na gida, da gani daga ƙauye suka taso.

Aka yi ta jawabai har kunnena ya gaji. Sai mai gabatarwa ya ce ga wakilin malaman makaranta, Malam Bashar na Mandera. Matan kusa da ni suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

Ya hau a hankali. Sun ɗora masa hular jam'iyya da ta yi masa yawa, ta sauko har gira. Na yi zaton zai yi in'ina, ko ya faɗi biyu ya sauka. Ina! Mutumin da ya saba riƙe aji ai ya san yadda ake riƙe taro. Ya ba da labarin malamin da ke koyarwa da yunwa, da ajin da rufinsa ke yoyo, da yaran da ke zaune a ƙasa, duk gaskiya, har wasu suna share ido. Sannan ya tsaya, ya ce wannan alkawari tabbas ne, da an hau albashin malamai zai ninka, shi malami ne ya san abin da yake faɗi. Fili ya ɗauki sowa. Baffa Isah ya miƙe yana saɓa babbar riga yana jinjina masa. Bashar bai dubi ɓangaren mata ba ko sau ɗaya, ya miƙa lasifika ya sauka ta baya.

Gwaggo Kande ta raɗa mini a kunne, "An gama, ɗiyata. Baffanki yac ce bayan ƙaramas Salla."

Na jira murna ta zo. Tana hanya, wallahi na fara jin ta, sai matar da ke gefena ta dafa kafaɗar 'yar uwarta. Dattijuwa ce siririya, hannunta duk kanta, na ji suna kiranta Hasiya.

"Kun ji ko? To ni magana ta ƙare. Ɗana Ɗantani kwalejin malamai za shi."

"Ke Hasiya, ba kin ce kawunai ya samo mashi wuri ga shagon gyaran mota Sakkwato ba?"

"A ba wani wurin. Ubanai ad da cewa malanta yunwa ta, shi as sa muka ta ja. Ran kasuwa in kai saniyata in sai da, in biya mashi karatun."

"Saniyag ga guda da kika tatsa?"

"Ita. Da 'yan siyasa sunka hwaɗi, dariya zan yi in tahi gida. Amma Malam Bashar na. Shi ya koya ma Ɗantani karatu tun yana ƙarami. Ko makin jarrabawa ba shi ƙara ma yaro don a ji daɗi. In yac ce za a ninka, za a ninka."

Sauran matan suka gyaɗa kai, wata ta ce ita ma za ta gaya wa mijinta.

Na juya na buɗe baki in ce wa Hasiya, Inna, kar ki sayar, ki tsaya ki ƙara tambaya. Daidai nan Gwaggo Kande ta cafke hannuna ta ɗaga sama, ta rangaɗa guɗa, ta ce wa matan, "Ku mutanen Mandera, ga amaryam malaminku nan!"

Suka yanyame ni. Hasiya ta kama hannuwana biyu cikin nata masu kaushi, tana dubana kamar ta ga 'yar cikinta. "Kai, masha Allahu! Kin yi dace, ɗiyata. Mijin da ba shi ƙarya kinka samu. Ki riƙe muna shi da kyau."

Gwaggo Kande tana tsaye a kafaɗata tana washe baki, duk abin da na furta a nan kafin magariba yana kunnen Baffa. Na ce, "Na gode, Inna." Iyakar abin da na ce ke nan.

Tun ranar Bashar bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba, kuma bai san na ji abin da na ji ba. An sa rana, Baba ya koma cin abinci. Ni kuma na san sunan matar, na san ƙauyensu, na san motar da ake shiga. In na je na gaya mata, Mandera ba ta da girman da magana za ta kwana a cikinta, Baffa zai ji cewa amaryar ce da kanta ta ƙaryata angon. Kasuwar da za ta kai saniyar kuwa gobe take ci.